Matar da Na Yi wa Ƙazafin Hana Durƙuso

Ƙarfe bakwai saura kwata, duk ranar aiki, za ka same ta a bakin titin Hanwa tana jiran keke napep. Farar riga, takalmi mara tudu, da wata tsohuwar jaka wadda hannunta ya sha ɗinki a wajen mai gyaran takalmi. In ka gaishe ta za ta amsa da fara'a, amma idonta ba a fuskarka yake ba, yana kan ƙafafunka. Tana kallon yadda mai tallan koko take sauke bokiti, da yadda dattijo yake laluben abin dafawa kafin ya sauko daga bas. Kafin bakwai da rabi ta isa ƙaramin asibitin da take aiki a Sabon Gari, ta buɗe ɗakin da ke can baya kusa da tankin ruwa, ta share shi da kanta, ta shimfiɗa tabarmar roba a gaban gadon marasa lafiya. A kan wannan tabarma ta yi yawancin shekarunta talatin da biyar na aiki.

Sunanta Scholastica Sati, amma daga Samaru har Sabon Gari Sista kawai ake ce mata. Ma'aikaciyar gashin ƙashi ce. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma garinsu Zonkwa. Ni da na ɗauki alƙalami don in jinjina mata, ban cancanci yin hakan ba. Sunana Sarah, ana ce mini Maman Eric, tsohuwar malamar firamare ce ni a Samaru. Ni ce na miƙe a gaban mata sama da sittin, shekara huɗu da suka wuce, na ɓata wa baiwar Allahn nan suna. Da bakina na sa aka rufe ɗakin da take duba mata kyauta, kuma akwai ƙawata da har yau take zaune a ɗaki ba ta fita saboda ta gaskata ni. Zan fara da alherin Sista, don shi ya fi yawa, sannan in zo kan abin kunyata.

Wanda ya ji an ce gashin ƙashi sai ya zaci tausa ce da ruwan zafi. Ni ma mai tausa nake ce mata a bayan idonta, ina taɓe baki. Ɗakin nata ba shi da abin burgewa. Gado ne, da keken motsa jiki wanda ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina, da 'yar matakala mai hawa uku da kafinta ya buga mata, sai jakunkunan yashi da ta ɗinka da ƙafafun tsofaffin wanduna. Ba ta yin allura, ba ta ba da ƙwaya. Tambaya take yi, tambayar kuma har ta ba ka haushi. Kujerar girkinki ina tsawonta? A ƙasa kike ajiye bahon wanki ko a kan benci? Bayan gidanku na tsuguno ne ko na zama? Yaron da kike goyo watansa nawa? Mutum ya zo neman magani, sai a buɗe masa shari'ar kujerun gidansa.

Amma ku tambayi waɗanda suka haƙura da tambayoyin. Akwai wani dattijo mai sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari da ya shekara yana salla a kan kujera, abin yana cin ransa domin ba ya iya kai goshinsa ƙasa. 'Yarsa ce ta ba ni labarin muna zaune a layin jira. Sista ba ta ce masa ya haƙura ba, ba ta kuma ce ya danne zafin ya yi ba. Ta sa shi kwanciya yana miƙe ƙafa yana ɗagawa. Daga baya ta ɗaura masa jakar yashi a idon sahu. Daga nan sai tashi daga doguwar kujera, sannan daga gajera. Wata biyar ana wannan. Ranar da ya yi sujada ya aiko mata da buhun gero, ita kuwa ta kira masu sharar asibitin ta ce su raba.

Akwai kuma Emenike makanike, wanda rabin rayuwarsa a tsugune ya yi ta a gindin motocin mutane. Da bakinsa ya gaya mini, “Matar nan ba ta da mota, amma sau uku ta zo garejina.” Ta je ne ta ga yadda yake aiki. Ta sa ya ɗora kayan gyaransa a kan tebur, ta sa aka yi masa ɗan benci mai taya. Har yau yana aikinsa, kuma in ya hango ta a hanya sai ya miƙe tsaye kamar soja.

Ranar Asabar kuwa, ranar hutunta, sai ta tafi wani aji a makarantar cocinmu da ke Sabon Gari, inda take ajiye wata tabarmar. Ko da yake a Samaru nake zaune, a cocin nan aka ɗaura mini aure, can nake zuwa har yanzu. Matan kasuwa da ba su da sararin bin layin asibiti da safe su ne mutanenta na Asabar. Ba ta karɓar komai, ko ruwan leda sai an matsa mata.

To, ga inda na shigo.

Matar ɗana Eric sunanta Nonye. 'Yar ƙabilar Ibo ce, amma haihuwar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar tawa. Tela ce, shagonta yana saman bene kusa da kasuwa. Da aka yi auren na gaya mata cewa a gidanmu mace tana kai gwiwa biyu ƙasa in za ta gaida uwar miji, ba a yi mana gaisuwar tsaye. Yarinyar ta koya ba musu. Shekara biyar tana durƙusa mini, ni kuma ina baza labarin a taron mata, ina cewa surukata ta fi 'ya'yan wasu tarbiyya.

Bayan ta haifi ɗanta na biyu, wata Lahadi suka zo gaishe ni. Ta dafa ƙofa, ta ɗan rusuna, ta ce, “Mama, ina wuni.” Maƙwabciyata tana zaune tana gani. Ban amsa ba. Eric ya ja ni gefe ya ce gwiwa ke damunta, Sista ce ta ce ta dakata da durƙuso har ƙasa. Ban ji ciwon ba, sunan Sista kawai na ji.

Asabar na yi na shirya na tafi ajin. Na tarar da mata a jere a kan benci, Nonye tana kwance a tabarma, Sista tana gabanta. Ko sallama ban yi da kyau ba.

“Ke ce kika hana matar ɗana gaishe ni?”

“Sannu da zuwa, Maman Eric. Zauna mana. A'a, ba wannan ba, ga doguwar can.” Ta juya ta dubi Nonye. “In gaya wa Mama abin da ke damunki?”

Nonye ta gyaɗa kai, ba ta iya kallona ba.

Sista ta kama hannuna ta ɗora shi a kan gwiwata. “Kin ji wannan ƙoƙon gwiwar? Jijiyar cinya ce ta bi ta kansa ta je ta kama ƙashin ƙauri. Kin san igiyar guga in ta bi ta bakin rijiya, yadda take cin bakin in gugan ya cika? Haka ne. In ƙafa tana miƙe, jijiyar ba ta danna komai sosai. Kina lanƙwasa ta da nauyinki a kai, sai ta danna ƙoƙon a kan ƙashin cinya. Tafiya a fili, abin da ke sauka a kansa kamar rabin nauyin jikinki ne. Hawa bene, kamar ninki uku. Tsuguno har ƙasa kuwa, yana kai wa wajen ninki bakwai. Nonye tana hawa bene da goyo, ta dawo gida ta zauna a 'yar gajeriyar kujera ta yi girki. Lafiyayyar gwiwa tana ɗaukar duk wannan, ai don haka aka halicce ta. Tata ce cinyar ta saki bayan haihuwa. Wata uku nake roƙo, Mama. In cinyar ta yi ƙarfi, ni da kaina zan mayar da ita durƙuson, kaɗan-kaɗan.”

Na janye hannuna na ce, “Mu da muka haifi shida muna durƙuso har gobe, gwiwarmu ba ta je makarantar lissafi ba ke nan.” Matan benci suka yi dariya, na ji daɗin dariyar, na fita.

Ina so mai karatu ya riƙe wannan. Na ji ta ce wata uku. Da kunnena na ji, kuma na fahimta, don ni ba jahila ba ce, shekara talatin ina koyar da lissafi.

Lokacin azumin Ista ne. Duk Juma'a muna yin Hanyar Gicciye, inda ake tsayawa a wurare goma sha huɗu ana tuna wahalar Ubangiji, kuma a kowane wuri ana durƙusawa a tashi. A Juma'ar nan ban yi addu'a ba, ƙirga na yi. Mata bakwai na ƙirga waɗanda suka tsaya a tsaye suka sunkuyar da kai lokacin da kowa ya kai gwiwa ƙasa, duk matan Asabar ne. A cikinsu har da Clara.

Clara ƙawata ce ta shekara arba'in. Busasshen kifi take sayarwa, ita ta riƙe Eric ranar baftismarsa. Ba ta yi karatu mai nisa ba, kuma tana da tsoron Allah irin wanda in aka ce mata abu kaza zunubi ne ba ta iya cin abinci. Duk abin da ya shige mata duhu ni take tambaya, tana cewa ai ni ce malama.

Ranar Alhamis a taron Zumuntar Mata, ni ce sakatariya a lokacin, na miƙe. Na san yadda ake magana a gaban jama'a, wannan baiwar ce ta cuce ni. Na ce an fara da hana yara durƙusa wa iyayensu, yanzu an kai ga hana mu durƙusa wa Mahaliccinmu. Na ce Ubangiji ya ɗauki gicciye ya faɗi har sau uku, mu kuwa ciwon gwiwa ya fi ƙarfinmu. Na ce a cikin harabar coci ake koya mana wannan, duk Asabar. Ban ambaci wata uku ba. Ban ambaci dattijon da ta mayar wa sujada ba, ko da yake a lokacin ma na taɓa jin ƙishin-ƙishin ɗin labarin. Sista ba ta wurin, tana asibiti tana aiki. Na ga Clara ta rufe fuska da ɗankwalinta.

Kwamiti ya ce a rufe ajin har sai an bincika. Ba a bincika ba, ba a kuma buɗe ba. Daga baya Fada, limamin cocinmu, ya faɗa a huɗuba cewa mara lafiya ba dole ne ya durƙusa ba, Allah yana duban zuciya. Amma maganata ta riga tasa shiga gidajen mutane. Sista ta zo ranar Asabar ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Waɗanda suka gani sun ce ta nemi mai gadi ya buɗe mata ta ɗauki tabarmarta, ta ce wa matan da ke jira, “Ku same ni a asibiti, ko da rana ne zan jira ku.” Kaɗan suka je. Wasu kasuwa ta hana su, wasu kunyar a gan su. Ita kuwa duk Lahadi sai ta tsaya a ƙofar coci ta ce, “Maman Eric, an tashi lafiya?” Ni ce nake kau da kai.

Bayan wata huɗu Nonye ta zo gidana ta kai gwiwa biyu ƙasa ta gaishe ni, ta tashi ba ta dafa komai ba. Na je taron mata na ce kun gani, da na tsawatar ai ciwon ya tafi. Har yau in na tuna na faɗi wannan sai in ji kamar in shige ƙasa.

Shekara biyu bayan haka tawa ta same ni. Ina saukowa daga bas a Kwangila na ji wani zafi ya soke ni a bayan ƙoƙon gwiwar dama. Daga ranar, in na daɗe a zaune tashi sai da dabara, saukowa daga matakala kuwa sai na juya gefe kamar mai ɗauke da tulu. Na shafa man zafi har fatar ta saɓule. Na je wajen mai ɗori ya ce ba karaya ba ce. Na sha allurai. Wurin Sista ne kaɗai ban je ba, kuma kowa a gidana ya san dalili, ba mai iya faɗa. Nonye ce ta gaji, wata safiya ta zo da keke napep har ƙofar gida.

“Abeg, Mama, don Allah ki bar taurin kai ki shiga mu tafi.”

Muna hanya ta ce, ba ta dube ni ba, “Ni ban daina zuwa wajenta ba, Mama. Eric ya sani. Ita ta koya mini durƙuson da na yi miki ranar nan. Sati uku muna gwadawa a kan matashi.”

Da haka muka isa asibitin.

Na shiga ɗakin ina jiran magana, ko da ɗaya ce, don in samu abin riƙewa in yi fushi. Sista ta ce in hau gado. Ta jawo wani ɗan matashi, ta durƙusa a kan tabarmar a gabana, ta naɗe mini zani zuwa cinya, ta ce, “Maman Eric, ina ne yake ciwo? Nuna mini da yatsa ɗaya.” Shi ke nan abin da ta faɗa. Ta auna cinyoyina biyu da tef ɗin tela ta nuna mini yadda ta dama ta rame. Ta koya mini cewa in zan hau matakala lafiyayyar ƙafa ce za ta fara, in zan sauko mai ciwon ce za ta fara. Ta ɗaga sirdin keken motsa jiki sama don kada gwiwar ta lanƙwashe da yawa. Ta ce kada in kuskura in kwanta in ce hutu nake ba ta, zama shi ne babban abokin gabarta.

Da ta zo tashi, sai da ta kama bakin gado da hannu biyu, na ji gwiwoyinta sun yi ƙara. Na ce, “Ke ma?” Ta yi dariya ta ce, “Na san lissafin, Mama. Amma ƙafar mara lafiya a ƙasa take, dole in sauka in same ta.”

Sista, ke ce kika yi wata huɗu kina durƙusa wa matar da ta ce kina hana durƙuso. Ke ce kika riƙe diddigena a tafin hannunki kina ƙirga mini ɗaya zuwa goma, kina cewa na yi ƙoƙari ko ranar da ban yi ba. Uwar masu ciwon gwiwa, wadda ba ta zaɓar ƙafar da za ta taɓa. Kin ba ni dama sau talatin in buɗe baki, duk lokacin da muka rage mu biyu a ɗakin nan. Ni kuwa da na warke sai na sayo miki atamfa na miƙa miki a leda, na ce ga ɗan abin sabulu. Kin karɓa kin yi godiya. Mu duka mun san ba atamfa ya kamata in kawo ba.

Haka na sake cin shekara biyu ina tafiya da ƙafar da kika gyara, bakina a rufe. Sai farkon watan nan da aka yi sanarwar za ki tafi, na ga in ban yi yanzu ba, za ki koma Zonkwa da ƙazafina a kanki. Ranar Alhamis na miƙe a taron Zumuntar Mata, a daidai inda na tsaya a da. Na faɗi komai, har da wata ukun da na yanke. Na zata za a yi salati, ko a zage ni. Rabin matan da suka ji maganata ta farko ba sa nan, wasu sun rasu, wasu sun bar gari. Ƙananan suna kallona ba su san zancen da nake yi ba. Wata dattijuwa daga baya ta ce, “Ai mun daɗe da sani, Malama. Ke muke jira.”

Washegari na tafi asibiti na gaya wa Sista abin da na yi. A zuciyata ina jiran ta ce ya wuce, in samu in yi numfashi. Tana ninke tawul, ta saurare ni har na gama.

“Na gode, Maman Eric. Ni tuni na yafe. Clara ta ji?”

Clara ba ta ji ba. Shekara guda ke nan ba ta taka coci ba. Bayan maganata ta jefar da jakar yashin da aka ba ta. Ta durƙusa a wurare goma sha huɗun nan a Juma'ar da ta biyo, da wadda ta biyo bayanta, kuma ta ɗora wa kanta yin addu'ar rosari, wato ta carbi, kullum a kan gwiwa a kan siminti, don ta biya tsayuwar da ta yi. Gwiwar ta kumbura, ta daina zuwa kasuwa, ta zauna. 'Ya'yanta sun yi ta roƙon ta je wajen Sista, tana cewa ai Sarah ta faɗi abin da matar nan take koyarwa. Duk wannan na sani. Shi ya sa ziyarata ta yi ta raguwa, daga kowane mako zuwa Kirsimeti kawai. Ko da ni kaina nake zuwa gashi, ban gaya mata ba.

Sista ta ajiye tawul ɗin ta ce, “Ba zan ce durƙuso kaɗai ya kai ta haka ba, shekaru ma da nasu rabon. Amma zaman nan da take yi shi ke cinye mata cinya. Kai ni.”

Da la'asar muka je. Clara tana zaune a wata lotsattsiyar kujera a ɗakinta, ƙafafunta sun zama sirara, bokiti a gefe saboda bayan gida ya yi mata nisa. Ta gan ni ta yi murna, ta ga wadda ke bayana murnar ta tsaya. Na zauna a bakin gado na ce, “Clara, ƙarya na yi miki. Matar nan ba ta hana kowa durƙuso ba. Wata uku ta ce a dakata, ni na yanke wannan ban faɗa ba. Ni ma ita ta gyara mini ƙafa.”

Clara ta dube ni.

“Kin ji wata ukun da kunnenki?”

“Na ji.”

“Kuma kika bar ni a nan.”

Ta juya ga Sista ta ce, “Sista, zan sake zuwa coci da ƙafata?”

Sista ta riga ta sauka ƙasa tana taɓa gwiwar. “Ban sani ba, Mama Clara, ba zan yi miki alƙawarin ƙarya ba. Amma tashi daga kujera, da zuwa bayan gida ba a riƙe ki ba, wannan ina sa rai. Sai dai kwanakina a Zariya sun ƙare, aikin kuma na watanni ne, kowace safiya. 'Ya'yanki suna fita aiki. Ana buƙatar wanda zai riƙa zuwa ya riƙe miki diddige yana ƙirgawa. Akwai wadda ta iya, don an yi mata.”

Clara ta kalli bango ta ce, “In babu wani, ta zo.”

Na gode, Sista Scholastica. Na gode a madadin dattijon hatsi da Emenike da Nonye, da matan Asabar da na raba ki da su, waɗanda ban san yadda ƙafafunsu suka ƙare ba. Na gode da ba ki sauƙaƙa mini ba ranar da na zo neman sauƙi. Allah ya kai ki Zonkwa lafiya, ya ba gwiwoyinki hutun da ba ki ba su ba. Masu tasowa a wannan aiki, ku je ku gan ta kafin watan ya ƙare, ku koyi yadda take tambayar tsawon kujera, da yadda take sauka ta sami ƙafa a inda take. Iyayen miji irina, in yarinya ta dafa ƙofa ta rusuna, ku tambaye ta me ke damunta kafin ku tambayi wa ya zuga ta. Kuma duk wadda Allah ya ba bakin da ake saurara, ta faɗi magana gaba ɗayanta ko ta yi shiru.

Yau kwana goma sha biyu ina shiga bas daga Samaru kowace safiya. An ɗora wa kujerar Clara matashi biyu don ta yi tsawo. Ranar farko sau uku ta ɗaga ƙafar, jiya ta kai tara. Ni nake ƙirgawa da ƙarfi, ita ba ta ce mini komai, ko sunana ba ta kira ba tun ranar. Jiya ina ɗaukar jakata zan fita, ta yi magana ba ta juyo ba.

“Gobe ki zo da wuri.”